Ƙarfen da ya faɗo daga sama: yadda ake ado da shi, da yadda ake tsare shi daga tsatsa

A shekara ta 1920, a ƙasar Namibiya, wani manomi yana huɗa da sa, sai garmarsa ta bugi wani abu. Da aka tona, ashe dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin tan 60. Ana ce masa Hoba. Har yau yana nan inda ya faɗi, ba a ɗaga shi ba.

Irin wannan ƙarfe daga sararin sama yake zuwa. Shi ne wani lokaci ake gani da dare yana ja da wuta, mutane su ce tauraro ya faɗi. Ba gatarin aradu ba ne, shi wancan dutse ne da mutanen da suka sassaƙa da hannu.

Tun da daɗewa ake ado da shi. A Masar, a 1911, an tono ƴan duwatsun wuya na wannan ƙarfe cikin kabarin da ya wuce shekara 5000. Yau maƙeran Turai da Amurka suna yin zobe da sarƙa da shi. Mafi suna shi ne na Gibeyon, a kudancin Namibiya, wanda ƙabilar Nama ta daɗe tana ƙera kan mashi da shi. Namibiya ta hana fitar da shi.

Abin da ya sa ake son shi, zanen cikinsa ne. In an yanka shi, an goge, an shafa masa ruwa mai ci kamar na batir, sai layuka su fito, sun sarƙe kamar saƙar tabarma. Ƙarfe ne gauraye da nikel, ya yi miliyoyin shekaru yana hucewa sannu sannu. Babu maƙerar da za ta iya yin wannan zane. In aka maida shi wuta ya yi ja sosai, zanen ya tafi ke nan. Don haka ba a narka shi, sai dai a dasa yankinsa cikin azurfa ko zinariya.

Babbar abokiyar gabarsa tsatsa ce. Can sama babu ruwan sama, babu gumi. Nan kuwa gishirin gumi kawai ya isa ya ɓata shi. Mai irin wannan zobe ya cire shi kafin alwala, da wanki, da aikin gona. Kar ruwan jabel ya taɓa shi ko kaɗan. In ya jiƙe, a share shi nan da nan da busasshen tsumma, a ɗiga masa man keken ɗinki. In jar tsatsa ta fara, a goge da buroshin haƙori da alkol na asibiti, a bari ya bushe, sannan a shafa mai. Da damina a ajiye shi wuri busasshe. Wasu mutane nikel yana sa musu ƙaiƙayi. In fata ta yi ja, a daina sawa.

Hamadarmu ma tana da duwatsun sama. A 2023 an tsinci wani a jihar Agadas, mai kilo 24 da ɗoriya, wanda ya fito daga duniyar Maris. Shi dutse ne, ba ƙarfe ba. A 2025 aka sayar da shi a Niyok dalar Amurka sama da miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike, ta kuma dakatar da fitar da irinsu a wannan shekarar. Makiyayin da ya tsinci baƙin dutse mai nauyi fiye da girmansa, mayen ƙarfe yana kama shi, kar ya wanke, kar ya fasa. Ya riƙe wurin da kyau, ya sanar da hakimi ko ma'aikatar ma'adinai.