Cutar da ke murɗe wuyan kaji: Me ya sa take share akurki a lokacin hunturu?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hankalin matan karkara masu kiwon kaji yakan tashi. Sai a wayi gari a ga kaza ta takure a gefen akurki, ta saki fukafukai, tana kashi kore-kore. Bayan ƴan kwanaki wuyanta ya murɗe, kai ya juya baya, tana zagaye wuri guda kamar mai hajijiya. Kafin a ankara, gidan da ke da kaji da yawa ya koma ba ko zakaran da zai yi cara.

Wannan ita ce cutar Newcastle, wadda masu kiwo da dama a Arewa ke kira fakat. Ga mace a ƙauye, kaza asusu ce: da ita ake biyan kuɗin makaranta, a sayi magani, a yi hidimar Sallah.

Daga ina ta samo asali?

An fara gano cutar a 1926 a tsibirin Java na Indonesiya, da kuma kusa da birnin Newcastle na Ingila, inda ta samo sunanta. A Najeriya an tabbatar da ita tun farkon shekarun 1950, kuma har yau tana nan.

Ƙwayar cuta ce ta bairos. Tana kama hanyar numfashi da hanji, sannan ta kai ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, abin da ke jawo karkarwa da shanyewar ƙafa da murɗewar wuya. Alamu kan bayyana kwana 2 zuwa 15 bayan kamuwa. Nau'inta mai tsanani na iya kashe kusan duk kajin da ba a yi wa rigakafi ba. Zabi da tattabaru da talo-talo ma suna kamuwa, yayin da agwagi kan ɗauke ta ba tare da nuna alama sosai ba.

Yadda take shiga gida

Cutar na yaɗuwa ta kashi da majinar kaza, da ruwan sha, da kwando, har da takalmin mai kiwo. Babbar ƙofarta ita ce kasuwa. Idan kaji suka fara mutuwa a wani gida, mai su kan yi sauri ya kai sauran kasuwa don kada ya tashi a tutar babu. Wani ya saya da araha, ya saki cikin nasa. Araha ba ta ado. Sanyin hunturu kuma na taimaka wa ƙwayar cutar ta daɗe ba ta mutu ba.

Babu magani, sai rigakafi

Da yawa kan zuba kafso ko barkono a ruwan kaji, amma waɗannan ba sa kashe bairos. Kazar da wuyanta ya murɗe ta riga ta yi nisa, ko ta rayu takan zauna da nakasar.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi tun kaji na da lafiya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato na samar da nau'o'insa, ciki har da Lasota da Komarov da kuma I-2. Shi I-2, wanda aka ƙirƙiro a Ostireliya, ya fi jure zafi, don haka ya dace da ƙauyukan da babu firij. Ɗigo ɗaya ake sa wa a idon kowace kaza, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Tun da kwalba guda na isar kaji masu yawa, maƙwabta na iya haɗa kuɗi su yi rana ɗaya kafin sanyi ya shigo.

Sabuwar kaza daga kasuwa a keɓe ta aƙalla mako biyu. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta, kada a jefar a bola karnuka su ja.

Alamun fakat na kama da na murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2006 kuma tana iya kama mutane. Gwaji ne kaɗai ke bambanta su. Saboda haka idan kaji suka fara faɗuwa da yawa lokaci guda, kada a yanka, kada a kai kasuwa, a sanar da jami'in lafiyar dabbobi mafi kusa.