Bindiga Mai Kama da ta Soja

Ana so hakimai da malamansu su fahimci bambancin siffar bindiga da aikinta. Ga misali daga Amurka.

Can akwai wata bindiga da ake sayar wa farar hula, sunanta AR-15. Wanda ya gan ta sai ya rantse M16 ce, watau ta soja. Amma M16 ta asali, in an danne kunama sai ta yi ta ɓarin wuta. Wannan kuwa kowane ja harsashi ɗaya.

Masu ita sukan yi mata ado don ta ƙara kama da ta soja. Wani ya ɗaura mata bututu a baki mai siffar abin kashe ƙara, alhali holoƙo ne.

A 1994 Gwamnatin Amurka ta kafa doka bisa siffa. Irin wannan bindiga, in ta haɗa biyu cikin abubuwa biyar, kamar mazaunin banati da gindi mai naɗewa, an hana ƙera sabuwarta. Sai maƙera suka cire su, ciniki ya ci gaba, ƙarfin harbin kuwa bai ragu ba. Wa'adin dokar ya cika a 2004.