Uwargida A Bakin Gadon Asibiti: Hattara Da Ƙwayar Cutar Da Ke Shiga Jini

A al'adarmu, duk wanda aka kwantar a asibiti, mace ce ke zaman jinyarsa: ko matarsa, ko mahaifiyarsa, ko ƙanwarsa. Ita ke kwana kan tabarma, ita ke ba shi abinci, ita ke fara ganin canji a jikinsa kafin likita ya zagayo. Don haka ya kamata kowace uwargida ta san wani haɗari da ke iya samun majinyaci a kan gadon asibiti, wato shigar ƙwayoyin cuta na bakteriya cikin jini, wani lokaci har su kai ga zuciya.

Idan cutar ta yi ƙarfi har gaɓoɓin jiki kamar ƙoda da huhu suka soma gazawa, likitoci na kiran wannan hali sefsis. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa a shekarar 2017 kusan mutum miliyan 49 ne suka kamu da sefsis, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. Kusan miliyan 3 daga cikin waɗanda suka rasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ta ina take shiga?

Fatar mutum katanga ce, duk inda aka huda ta kuwa an buɗe ƙofa. Kanular da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, robar fitsari, ɗinkin tiyata, bututun wankin ƙoda, gyambon kwanciya, mahaifar mai jego da cibiyar jariri, duk ƙofofi ne. Babbar ƙwayar da ake tsoro, wadda ake kira Istafilokokus, tana zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta dame shi ba. Sai ta bi hannu ta sauka kan kanula, ta samu hanyar jini, sannan ta nuna halinta.

Yadda take kai wa zuciya

Zuciya tana da 'yan ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa a kowane bugu. Idan ƙwayar cuta na yawo a jini, takan maƙale a jikin ɗaya daga cikinsu, ta yi curi, ta riƙa cin ƙofar. Ɓarɓashin curin na iya ɓallewa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wannan ciwo shi ne endokaditis.

A nan akwai abin da ya shafi iyaye mata kai tsaye. A ƙasashenmu yawancin masu lalatattun ƙofofin zuciya tun suna yara abin ya same su, daga ciwon maƙogwaro na bakteriya da ba a yi wa magani ba. Bayan 'yan makonni sai yaro ya zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, zuciya ta taɓu. Irin wannan zuciyar ce ƙwayar cuta ta fi saurin kamawa. Saboda haka yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi asibiti, ba wajen wanzami a yanke masa beli ba. Wanda kuma aka ɗora kan allurar fenisilin ta kowane mako uku ko huɗu, kada a bari ya tsallake.

Alamomin da za ki lura da su

Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ko kuma jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi da sauri, ruɗewa ko yawan barci, raguwar fitsari, wurin kanula ya yi ja, ya kumbura ko ya fitar da mugunya. Ga mai jego, ciwon mara da jini mai wari. Ga jariri, ƙin kama nono, sanyin jiki ko jijjiga. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Idan kin ga waɗannan, ki kira nas nan take, ko da tsakar dare ne. A wannan ciwo kowace sa'a tana da muhimmanci.

Magani

Likita zai ɗebi jini a kai ɗakin gwaji a raini ƙwayar don a gane ta, kuma an fi so a ɗiba kafin a fara magani. Daga nan a soma allurar antibayotik ta jijiya ba tare da jiran sakamako ba, a cire kanula ko robar da ake zargi, a yi hoton zuciya idan da buƙata. Idan Istafilokokus ce a jini, magani kan kai aƙalla mako biyu. Idan ta kama zuciya, mako huɗu zuwa shida ne, wani lokaci har da tiyatar canza ƙofar.

Nan ne mutanenmu ke tuntuɓe. Da zazzaɓi ya sauka sai dangi su ce a sallame su, kuɗi sun ƙare ko gida ya yi kewa. Ƙwayar da ba ta gama mutuwa ba takan dawo da ƙarfinta. Haka sayen antibayotik a kyamis ba da umarnin likita ba: yana ɓoye ƙwayar daga gwaji, yana kuma koya mata bijire wa magani.

Rigakafi ya fi magani

A 1847, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa. Cikin 'yan watanni mutuwar masu jego a sashensa ta faɗo daga kusan 18 cikin 100 zuwa kusan 2. Har yau babu abin da ya fi wannan sauƙi da tasiri.

Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa majinyaci da bayan kin taɓa shi, 'yan dubiya ma su yi haka. Kada ki taɓa kanula, kada ki jiƙa filastarta wajen goge masa jiki. Kullum ki tambayi nas cikin ladabi, "Malama, har yanzu ana buƙatar wannan robar?" Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara, ba kan dandamali ba. Mai doguwar kwanciya a riƙa juya shi duk sa'a biyu. Cibiyar jariri a shafa mata man kulohekzidin da asibiti ke bayarwa, ban da toka ko man goge baki. Mai ciwon ƙofar zuciya ya kula da haƙoransa, ya kuma sanar da likitan haƙori halin da yake ciki kafin a cire masa haƙori.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.