Kayan Araha a Jikin Tsohuwar Volkswagen

A Jamus da Ingila da Amurka akwai mutane masu sha'awar sayen tsofaffin motoci su tashe su, su koma kamar ranar da suka fito daga masana'anta. Ɗaya daga cikin motocin da suke nema ita ce Volkswagen mai ƙusumbi, wadda muka sani ƙwarai a ƙasar nan, don an fara harhaɗa ta a Ikko cikin 1975. An ƙera fiye da miliyan 21 kafin a daina a Meziko cikin 2003.

To, wannan yawa shi ke ruɗin masu gyara. Da yake kamanninta bai sāke sosai ba, sai mutum ya zaci kowane ƙarfe nata zai shiga kowace, ya je ya tsinto mafi araha. Amma fa ba haka abin yake ba. Na farkon suna aiki da wutar volt 6, daga 1967 aka mai da yawancinsu volt 12. Babban faifan ƙarfen nan na inji, wanda sitata ke kamawa ta juya shi, na dā haƙoransa 109, na baya 130. In aka gama sitatar wannan da faifan wancan, sai haƙora su yi ta cin juna, ƙarshe a sauke inji ɗungum. Ƙafafun ma haka: na dā kusoshi 5, na baya 4.

Wannan duk hasarar kuɗi ce kurum. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne zafi da gobara. Motar nan ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta. Fanka ke hura iskar, waɗansu fallayen ƙarfe da robobi su tsare ta, ta bi ta kan silinda. Fallayen araha sau da yawa ba su zama daidai, sai su bar kafa, iska ta zurare. Direba kuwa ba shi da agogon zafi a gabansa, ba zai farga ba sai inji ya ƙone. Silinda ta 3 ta fi saurin cutuwa a injunan da suka riga 1971, domin abin sanyaya baƙin mai yana tare mata iska.

Sa'an nan ga tiyon fetur. Na ainihi bakinsa wajen milimita 5 da rabi ne. Wani sai ya sa na rubu'in inci, watau ya ɗara milimita 6, wai ai bambancin kaɗan ne. Lalle kaɗan ne a ido, amma tiyon yana tafiya ne kusa da wayoyin fulogi, bisa inji mai zafi. Ran da ya saɓule, fetur ya fesu, injin kuwa a baya yake, sau da yawa sai na bayan mota ya riga direba ganin hayaƙi.