Mai Shan Jini na Turawa da Mayen Bahaushe

Duk wanda ya lura da abin da samari da 'yan mata suke karantawa a wayoyinsu yau, tun daga Salaga da Yendi har Bawku da Tempane, zai tarar da wata irin hikaya ta Turawa wadda jaruminta mamaci ne da ya ƙi zaman kabari, yana fita da dare yana shan jinin masu rai. Wannan halitta daga bakin manoman gabashin Turai ta fito, domin a shekarar 1725, a wani ƙauye na ƙasar Sabiya, jama'a sun tone kabarin wani mutum da suke tuhuma da halaka maƙwabtansa bayan rasuwarsa, suka kafa masa tsinin itace a ƙirji, suka ƙone gawar, alhali wakilin hukuma yana wurin, shi ne ma ya rubuta rahoto. A kan irin waɗannan labarai marubuta suka yi gini, har Bram Stoker ya wallafa Dracula a 1897, sa'an nan a 2005 Stephenie Meyer ta mayar da abin tsoron kyakkyawan saurayi mai bege a littafinta Twilight, wanda matasa suka yi rububinsa.

Bahaushe bai rasa makamancin wannan ba, sai dai nasa maye ne, kuma kurwa yake kamawa. Mutanen da suna cewa ƙanƙara ce a cikinsa, ko ya tsotse ta a nono ko ya saye ta, kuma wanda aka kama sai ya rame, ya riƙa sambatu yana ambaton wanda ya kama shi, ba ya tashi sai an sa wanda ake zargin ya tsallake shi. Tatsuniyoyin mayu da dodanni sun biyo fataken goro har zangunan Gwanja, kuma a wannan ƙasa ta Gana ne Malam Shaihu ya rubuta wa wani Bature mai suna Rattray tatsuniyoyi da ajami, aka buga su a 1913. Ashe marubucin da yake son ya razana matasa da Hausa yana da taska a gida.

Amma akwai wani bambanci da ya wajaba a tsaya a kansa, kuma shi ne ya fi damuna. Wanda Turawa suka tuhuma gawa ce, ba ta jin zafin itace. Wanda mu muke tuhuma kuwa rayayye ne, galibi tsohuwa gwauruwa wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. A Gambaga, da Gnani kusa da Yendi, har yanzu akwai matsugunan matan da aka kora daga gidajensu da sunan maita. A watan Yuli na 2020, a Kafaba kusa da Salaga, an doke wata tsohuwa mai shekara 90 har ta cika, jama'a suna kallo. Majalisar dokokin Gana ta amince da dokar hana wannan zargi a 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Shari'a kuwa ba ta karɓar sambatun majinyaci a matsayin shaida, balle sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau wa yaro kai, ba kamun kowa ba.

Saboda haka ni a ganina, in ɗan Tempane ko Bawku ya ɗauki alƙalami, ya riƙe duhun dare da kukan mujiya da sanyin makabarta yadda yake so, amma ya sa labarin a bakin jikar da aka tura ta bi kakarta zuwa Gnani don ta riƙa ɗebo mata ruwa da itace, wadda ta san tun ranar farko cewa tsohuwar ba ta ci kowa ba.