Tasirin Dandaƙa ga Shanun Turka

Dandaƙa ita ce kashe 'ya'yan marainan sa domin hana shi barbara. Bijimin da ba a dandaƙe ba ya fi saurin girma da yawan tsoka, saboda sinadarin testosteron da marainansa ke samarwa. Dandaƙaƙƙe kuwa ya fi sauƙin sarrafawa, ya fi kitse da taushin nama, amma sai ya ci abinci da yawa kafin ya kamo nauyin bijimi. Don haka riba ta danganta ga kasuwa: a Amurka dandaƙaƙƙe ya fi daraja, a Italiya kuwa bijimai aka fi turkewa. Makiyayin da zai yi dandaƙa, gara ya yi tun dabbar tana maraƙi, domin babban sa yakan rame bayanta, kuɗin dusa da harawa ya tafi a banza.