Daga Tashar Jirgin Ƙasa zuwa Sabon Gari: irin fodkas ɗin fasaha da jama'a ke son ji

Idan ka tsaya a bakin Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da hantsi kana kallon masu kai-komo tsakanin Fagge da Sabon Gari, da wuya ka ƙirga mutum goma ba ka ga mai sauraron wani abu ba. Ɗan adaidaita sahu ya ƙure rediyo, yaron shago ya kara waya a kunne yana jin saƙon muryar mai gidansa, mai turin baro ya saƙala abin sauraro yana jin karatu ko waƙa. Wannan ba sabon hali ba ne. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke magana da mutanen ƙasar nan, kuma daga lokacin da Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye a 2003, Kano ta cika da tashoshi masu zaman kansu.

Shi ya sa fodkas bai kamata ya zama baƙo a nan ba. Shirin murya ne kamar na rediyo, sai dai a intanet ake ajiye shi, ka saurara ko ka sauke a lokacin da ka ga dama. Jaridar Aminiya ta daɗe tana fitar da "Najeriya a Yau" da "Daga Laraba" ta wannan hanya. Amma idan aka zo ɓangaren fasaha da na'urori, filin na Hausa har yanzu da sauran wuri sosai. Matasa da dama sun sayi makirfo suna shirin farawa, kuma abin da ya fi zuwa musu a rai shi ne kwaikwayon na Amurka: a buɗe kwalin sabuwar iPhone, a yi minti arba'in ana yabon kyamararta. To, nawa ne cikin masu wucewa ta gaban tashar nan za su sayi wayar sama da naira miliyan ɗaya a bana?

Unguwannin da ke kewaye da tashar wuri ne mai kyau na jin amsar. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya buɗe cinikin gyaɗa, ya jawo baƙi daga kudu waɗanda suka cika Sabon Gari. Yau, ba tare da ka yi nisa da tashar ba, za ka isa Kantin Kwari, da Kasuwar Singa, da Kasuwar Sabon Gari, da Titin Faransa inda ake hada-hadar kayan lantarki, da Titin Beirut na 'yan waya. Kusan kowa a nan da waya yake neman abinci. Idan ka zauna a bencin mai gyaran waya ko kusa da lemar mai POS na 'yan sa'o'i, tambayoyin da ake maimaitawa za su ba ka jerin shirye-shiryen shekara guda.

An ƙwace min waya, me zan fara yi?

Wannan ce shawarar da ta fi kowacce fitowa, kuma a ganina da ita ya kamata duk wani sabon shiri ya buɗe. Ƙwacen waya ya zama ruwan dare a Kano, har an sha rasa rayuka a kansa. Abin da mutane da yawa ba su gane ba sai ya faru da su shi ne, sau da yawa asarar da ke cikin layin ta fi ta wayar. Wanda ya riƙe sim ɗinka zai iya sa shi a wata wayar, ya danna *565*0# ya ga lambarka ta BVN, ya karɓi saƙonnin sirri da banki ke turowa, ya gwada cire kuɗi ko cin bashi da sunanka. Kai kuwa kana can kana juyayin hotunan biki.

Shirin da ake nema a nan ba na dogon sharhi ba ne. A ɗauki sa'ar farko bayan ƙwacen, a bi ta dalla-dalla: a fara da toshe asusun banki, sannan layi, sannan a je a yi abin da muke kira walkam bak da lambar NIN a hannu. A koya wa mutum tun kafin tsautsayi ya danna *#06# ya rubuta lambar IMEI ta wayarsa a takarda ya ajiye a gida. A nuna masa yadda ake kunna manhajar Google ta gano inda waya take, wadda aka sauya wa suna zuwa Find Hub a 2025. Sama da duka, a koyar da sa wa sim makulli. Abu ne na minti biyu, kuma yana hana layin aiki a wata wayar sai da lambar sirri. Amma dole mai gabatarwa ya ja kunne: idan ka yi kuskuren lambar sau uku layin zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da sim ɗin ya zo a ciki, katin da yawancinmu muka yar tun ranar farko.

Akwai ɗaya gefen kuma, wato mai sayen waya ta hannu. Mutum zai ga waya da araha ya saya, bayan wata biyu jami'an tsaro su zo har gida saboda ta sata ce. Masu sana'ar waya na gaskiya su ma abin yana ɓata musu suna, don haka ba za a rasa wanda zai zo ya yi bayanin irin rasit da shaidar da ya kamata mai saye ya nema ba.

Alat na bogi da kuɗin da ake wa alkawarin haihuwa

'Yan kasuwar Kwari da Singa damuwarsu daban ce. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki ya koma tiransifa, OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga har teburin mai shayi. Tare da su alat na bogi ya shigo: saƙo ya faɗo kamar daga banki, ko a nuna maka hoton rasit a waya, ka miƙa bandir ɗin shadda, daga baya ka duba asusu ba ko sisi. Shawarar da ke fitowa daga nan ita ce shiri na mako-mako wanda wanda aka damfara zai ba da labarinsa da bakinsa, a sakaya sunansa, sannan wani masani ya warware inda dabarar take. Labarin wanda abin ya ci ya fi zama a zuciya fiye da gargaɗi goma na banki da Turanci.

Matasa kuwa mainin ne a bakinsu. Wanda ya ga yadda 'yan baiwa suka kwashe shekaru suna jiran Pi kafin ta shiga kasuwa a Fabrairun 2025, ko yadda aka yi ta dangwalar fuskar waya a kan Hamster Kombat a 2024 sannan rabon ya zo bai kai abin da aka ƙiyasta ba, ya san akwai ƙishirwar bayani. Ga kuma CBEX da ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kamar yadda MMM ta yi a 2016. Matsalar ita ce mafi yawan masu magana kan waɗannan abubuwa da Hausa suna da lambar gayyata da suke son ka yi rajista da ita. Mai sauraro na neman muryar da ba ta da riba a cikin shigarsa. Duk wanda ya iya riƙe wannan amana, ba sai ya yi talla ba.

Data ce alƙali

Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya koma lissafi. "Ina datata ke tafiya?" tambaya ce da ta isa shiri guda: bidiyon da ke kunna kansa a Facebook, manhajojin da ke sabunta kansu cikin dare, hotunan da ke sauka daga zaurukan WhatsApp ba ka nema ba. Mutane da yawa ba su san *323# na nuna ragowar data a kowane layi ba, ko cewa tura STOP zuwa 2442 na tsayar da saƙonnin talla, ko cewa 622 lambar kai ƙara ce ga NCC kyauta.

Amma batun data ya wuce zama maudu'i, shi zai yanke siffar shirin kansa. Murya ta minti 20 da aka naɗa a kan kilobit 64 a daƙiƙa ba ta wuce megabait 10 ba, idan aka rage zuwa 32 ta dawo kusan 5, kuma magana za ta fita sarai. Bidiyo mai wannan tsawon sai ya ninka haka sau da yawa. Saboda haka mai son ɗan adaidaita ko yaron shago ya saurare shi, ya fitar da fayil ƙarami da za a iya saukewa, a tura ta Xender ko Bluetooth, a ba masu tura fina-finai a kan titi su sa wa mutane a memori. Google ta rufe manhajarta ta fodkas a 2024, Spotify kuma ba kowa ke da ita ba. Wurin da jama'a suke shi ne WhatsApp, da Telegram, da Facebook, da TikTok. A nan ma tashar na da darasi: lokacin da aka farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, tafiyar kan ci fiye da kwana guda, ta dazukan da sabis ke ɗaukewa. Matafiyi, ko a jirgi ko a mota, abin da ya riga ya sauke shi ne nasa.

Sauran shawarwarin sun fi gajarta, amma ba na yarwa ba ne. Masu shago na son a yi musu lissafin sola: faranti nawa da batir wane iri za su ɗauki fanka biyu da firji, kuma ta yaya ake gane batirin da aka sake wa fenti. Matan da ke sarin atamfa daga Kwari suna tallatawa a sitatus daga cikin gida suna son shirin da mace za ta gabatar, wanda za su aika wa tambaya ta saƙon murya ba tare da an ambaci sunansu ba, musamman kan kutsen WhatsApp da barazanar yaɗa hotuna. 'Yan Nijar da ke zuwa sari daga Maraɗi da Damagaram na da tasu matsalar ta layi da tura kuɗi tsakanin sefa da naira, kuma za ta ƙaru idan aka kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Ɗalibai na tambaya kan ƙirƙirarriyar basira, ko ChatGPT na jin Hausa da gaske ko kame-kame take yi.

Sai batun harshe. A Sabon Gari, Ibo mai sayar da kayan gyara da Bahaushe mai gyara suna ciniki da Hausa gauraye da buroka, kuma suna fahimtar juna. Mai gabatarwa da zai dage sai ya fassara kowace kalma zuwa Hausar kamus zai gajiyar da mutane, wanda kuma zai cika baki da Turanci zai kore su. Kalmar da mai gyara ke amfani da ita a bencinsa, ita ce daidai.

Abin da ya rage shi ne wanda zai biya kuɗin data da makirfo da lokacin mai shiri. Masu iya ɗaukar nauyi su ne dillalan waya, da kamfanonin tura kuɗi, da masu sayar da sola, wato dai mutanen da shirin zai riƙa auna kayansu. Mai sauraro a Kano ya saba da shirin rediyon da aka saya, kuma yana gane shi tun daga sallama. Hanyar da ta fi aminci ita ce a faɗi sunan mai ɗaukar nauyi a fili tun farkon kowane shiri, a ware tallarsa daban, sannan ranar da wayarsa ke zafi ko batirinta ke saurin mutuwa, a faɗa ko da zai janye kuɗinsa.